Carina II da aka ɗora wa injin 4A-FE: ba ta tashi da safe, silo kuma sai hawa da sauka

Mai Carina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in ƙara kashe ko sisi. Motata Carina II ce mai giyar hannu, asalin injinta 4A-F ne mai kafireto. Da ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi sai na sayi injin Beljiyam, 4A-FE na Corolla AE101, da birenbos ɗinsa (akwatin da yake sarrafa injin) da wayarin. An ɗora, an sa famfon mai na lantarki a ƙarƙashi kusa da tanki. A kan hanya ba ni da ƙorafi, tana ja sosai. Amma da safe, musamman yanzu da hunturu ya shigo Kano, sai in yi ta kik har batir ya fara sanyi ba ta kama ba. In yaro ya ɗiga fetur a bakin totur takan tashi, ina ɗage ƙafa ta mutu. Da ta yi zafi kuwa, ki ɗaya take tashi. Sai kuma silo, wato juyin injin in ba a taka totur ba: in ta ɗauki zafi ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya hau wajen 1,700 ya faɗo 1,100 ya sake hawa, a danja har waiwayowa mutane suke yi. An canza fulogi, an wanke nozul, an canza diliko (mai rarraba wuta ga fulogi). Yanzu an ce in sayo wani birenbos.

Baban Gareji: Wa alaikumus salam. Yarona, kafireton naka yana nan ko ka sayar? In yana nan, kawo a mayar maka da shi kan wannan injin ka huta. Motar da aka haifa da kafireto ba ta son wannan tarkacen wayoyin. Mun yi wa mutane da yawa, suna nan suna hawa.

Ɗan Jos: Famfon mai ne. Mu nan da sanyi ya fi naku mun saba gani. Famfon da ake ɗaurawa a waje yawanci ba ya riƙe mai, cikin dare ya koma tanki, da safe sai ka yi ta kik kafin ya cika layi. Ka murɗa ki ka bari famfo ya yi kuka na ɗan lokaci kafin ka buga, ka gani.

Mai Carina: Na gwada haka Oga. Famfon kai tsaye aka haɗa shi da ki, ina jin kukansa tun kafin in buga. Ko minti ɗaya na bar shi yana yi, ba ta kamawa.

Injiniya: Malam Mai Carina, kada ka sayi birenbos tukuna. Kafin a yanke masa hukunci a fara tambayarsa abin da yake gani. Motarka tana da fitilar cek a dashbod?

Mai Carina: Babu, Injiniya. Mai rewaya ya ce ba dole ba ce, tunda motar ba ta zo da ita ba.

Injiniya: To nan za mu fara. Wannan birenbos ɗin yana faɗin ciwonsa da kansa, ba sai da kwamfuta ba, amma da wannan fitilar yake magana. Nemi ƙaramin kwan fitila irin na dashbod, kada ka sa babba na gaba ka ƙona masa hanya. Ƙafa ɗaya ka ba ta wutar ki, ɗayar ka kai ta wayar W ta birenbos. Sannan ka duba jikin wayarin da ya zo da injin, akwai ɗan baƙin akwati mai murfi, in masu yanka sun bar maka shi. Cikin murfin an zana sunayen ramukan. Haɗa TE1 da E1 da guntun waya, giya a firi, ƙafarka ba ta kan totur, ka murɗa ki amma kada ka tayar. In fitila tana ƙiftawa a jere ba tsayawa, babu lambar matsala. In akwai, za ta ƙifta lambar farko, ta ɗan dakata kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, ta ƙifta ta biyu. Biyu sannan biyu, 22 ke nan. Ka ƙirga ka kawo mana.

Rewaya Zariya: Ina goyon bayan Injiniya, da ƙari ɗaya. A duba wayar BATT. Birenbos yana son wuta iri biyu, wadda take zuwa da ki da wadda ba ta yankewa ko an zare ki. Yawancin abokan sana'armu in suna sauri sai su murɗe su wuri ɗaya su ba su wutar ki. Mota za ta tashi lafiya lau, amma duk lokacin da ka kashe, ya manta duk lambar da ya ajiye. Sai ka zo karantawa ka ga babu komai, ka ce lafiyarsa ƙalau.

Baban Gareji: Kun ji ko? Mota sai an yi mata ƙirgen ƙiftawar ido. Kafireto da sukudireba ɗaya nake saita shi a bakin titi.

Direban Sabon Gari: Baba, da girmanka, na hau irin wadda aka mayar ɗin. Man da take sha ba na mai neman na cefane ba ne a wannan tsadar. Kuma 4A-FE kwayil da igniter ɗinsa umarnin birenbos suke jira, sai ka nemo dilikon 4A-F da manifol ɗinsa gaba ɗaya. Mutum ya biya kuɗin injekta, a bar shi ya ci moriyarsa.

Baban Gareji: Ni dai na faɗi nawa.

Mai Carina: Na dawo. Mun sa fitilar da yamma. Biyu, ta tsaya, biyu, sai dogon shiru, ta sake. Ita kaɗai take maimaitawa. Wayar BATT kuma yadda Oga na Zariya ya faɗa haka muka same ta, an murɗe ta da +B, wayar wutar ki, an naɗe da salatif. Mun ja mata waya daga batir ta fis ɗinta daban.

Injiniya: Madalla, 22 sensar zafin ruwa ce, wadda wayarta ake kira THW. Ga abin da yake faruwa da motarka da safe. Fetur ba ya tashi ya gauraya da iska sosai in ƙarfe yana da sanyi, wani kaso yana manne wa a bangon manifol da bayan bawul. Shi ya sa injin sanyi yake buƙatar mai fiye da kima kafin ya kama. A kafireto cok ne yake wannan aikin. A nan ba cok, birenbos ne yake tsawaita lokacin buɗewar nozul, kuma bai san ana sanyi ba sai sensar nan ta gaya masa. In wayarta ta yanke, ba ya tsayawa, sai ya ɗauka ruwa yana kan digiri 80 ya ci gaba da aiki a haka. Wato da asuba a hunturu yana ba injinka man injin da ya riga ya yi zafi. Shi ya sa fetur ɗin da yaro yake ɗigawa yake tayar da ita, shi ya sa kuma da rana ki ɗaya take tashi, domin a lokacin ƙaryar da yake yi wa kansa ta zo daidai da gaskiya.

Ɗan Jos: Amma Injiniya, ba akwai nozul na biyar a kan manifol na tashin sanyi ba? Ni na san Toyota da shi. Ko shi ne bai samu wuta ba?

Injiniya: Akwai shi a tsofaffi irin 22R-E da 4A-GE na farko, da ɗan suwic ɗinsa a cikin ruwa. Na AE101 ba shi da shi, nozul huɗun nan su suke komai. Don haka sensar ta fi nauyi a wannan injin.

Mai Carina: Amma allurar zafi a dashbod tana aiki fa. Tana hawa in mota ta yi zafi.

Rewaya Zariya: Wannan ne yake ruɗa mutane. Ba sensa ɗaya ba ce. Ta allura mai ƙafa ɗaya ce, siririya. Ta birenbos mai ƙafa biyu ce, galibi kanta kore. Akwai kuma suwic na fanka, shi ma daban. Allura na iya aiki shekara goma ta birenbos tana a mace. Zare soket ɗin mai ƙafa biyun da safe kafin ka tayar, ka sa mita a kan om. A digiri 20 ya kamata ka ga tsakanin 2,000 da 3,000, in sanyi ya fi haka lambar ta ɗan haura. In injin ya yi zafi sosai ta sauko wajen 200 zuwa 400. In sensar ta ba da haka, laifin waya ne. Je ka bayan birenbos ka auna THW da E2 ki a buɗe. In ka ga wajen bolt 5 cif, hanya a yanke take.

Injiniya: Tunda mita yana hannunka, auna STA ma. Waya ce da take ɗauko wuta daga layin kik ta gaya wa birenbos cewa yanzu ana tayarwa ne. Lokacin da ake bugawa dole ka ga wuta a kanta, sama da bolt 6. A motar da aka yi wa dashe sau da yawa ana barinta a lilo, saboda ba a cikin wayarin injin kaɗai take ba, ta bangaren bodi take biyowa, kuma mota takan tashi ba ita. Lambarta 43, amma ba koyaushe take fitowa a irin karatun da ka yi ba, mita ya fi.

Mai Keke da Mota: Ni wani ya yi mini dabara, ya sa resisto da suwic a ƙarƙashin sitiyari. Da safe in danna, mota ta ɗauka ana sanyi ta tashi, in ta yi zafi in mayar. Shekara guda ke nan ba matsala.

Rewaya Zariya: Ranar da ka manta ba ka mayar ba fa? Ko ka ba wani aron motar? Fulogi za su yi baƙi ƙirin, fetur ya wanke silinda ya gangara cikin baƙin mai. Sensar nan ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ba ta kai kuɗin rabin tanki ba.

Mai Carina: Jama'a, ga sakamako. Sensar lafiyarta ƙalau, da safe ta ba da 2,900 da ɗoriya. Muka bi wayar muka kwance salatif, sai ga shi daidai inda wayarin ya ratsa bango zuwa cikin mota, an yi ƙari, kuma wayar THW ba a haɗa ta da komai ba, an lanƙwasa bakinta an naɗe. STA ma haka. Mun haɗa su biyun da dalma. Yau da asuba ko totur ban taɓa ba, bugu na biyu ta kama. Allah ya saka da alheri. Saura silo, yana nan yana hawa da sauka in ta yi zafi.

Ɗan Jos: To na sha ƙasa a kan tashi, amma a silo ina nan kan bakana. Iska take sha ta wani wuri, mai ya yi mata kaɗan, shi ya sa take neman mutuwa tana farfaɗowa.

Injiniya: Rabin maganarka daidai ne, Oga. Iska tana shiga, amma ba ƙarancin mai ne yake sa ta faɗuwa ba. Da injin mai auna iska a bakin tiyo ne, iskar da ta shiga ta bayan fage ba a ƙirga ta ba, sai cakuɗin ya yi tsarari, silo ya yi ƙasa ko ta mutu. Wannan kuwa matsin cikin manifol yake aunawa, da ɗan akwatin nan mai siririn tiyo da wayar PIM. Ta ko'ina iska ta shigo yana ganinta, ya ƙara mata mai daidai ita. Don haka ɓula a wannan injin tamkar taka totur ce, silo sama yake yi.

To me yake faɗo da shi? A jikin totur akwai sensa mai ƙafa huɗu, ɗaya daga ciki IDL, ita take cewa direba ya ɗage ƙafa. Birenbos yana da doka: in ƙafa a ɗage take kuma juyin injin ya wuce wani mataki, to gangara ake yi, a yanke mai. Sai ya yanke, injin ya faɗo, ya mayar da mai, iskar banza ta sake ɗaga shi, ya sake yankewa. Abin da kake ji a danja ke nan. Gwaji mai sauƙi: in ta fara, zare soket ɗin sensar totur. In hawa da saukar ya tsaya, injin ya miƙe a sama ya zauna, magana ta tabbata.

Mai Carina: Na zare. Ya tsaya cak a wajen 1,800, ba ya motsi.

Injiniya: Saura mu nemo ƙofar. Cire babban tiyon iska, ka leƙa bakin totur. Kafin faifan akwai rami a gefe, shi ne hanyar bawul ɗin silo da ke ƙarƙashi. Toshe shi da babban yatsa injin yana aiki. In komai daidai ne, ya kamata ta shaƙe ta nemi mutuwa. In ko a jikinta, iskar ba ta nan take bi ba.

Rewaya Zariya: Kuma a dubi ɗan sukurun da faifan totur yake zama a kai. Kamfani yana ɗiga masa fenti. In ka ga fentin ya fashe, an taɓa. Ina iya rantsuwa abin da ya faru shi ne, da aka gama ɗora inji aka ga tana mutuwa da sanyi, sai aka murɗa sukurun don ta tsaya, aka sassauta sensar aka juya ta ta bi shi.

Mai Carina: Kamar kana wurin. Fentin ya fashe, kuma sukurori biyu na sensar duk sun ci baki. Na toshe ramin, ta ɗan sauko kaɗan kawai. Muka bi tiyoyin manifol ɗaya bayan ɗaya. A baya ta wajen bango akwai wani guntu da ba ya zuwa ko'ina, an cusa masa ƙusa an ɗaure da leda, robar ta tsage tun daga gindi, in ka kara kunne kana jin shiii. Mun toshe shi da murfin roba, mun mayar da sukuru har faifai ya rufe ba tare da ya cije ba.

Injiniya: Yanzu a saita sensar da mita, ba da ido ba. Totur a rufe, IDL da E2 su haɗu. Da ka ɗan buɗe, ƙasa da kaurin milimita ɗaya a bakin sukurun, su rabu. Bawul ɗin silo kuma ƙafa uku gare shi, ta tsakiya wuta ce, daga ita zuwa kowace gefe wajen om 20. A kwance shi a wanke baƙin da ya daskare har ya riƙa juyawa da yatsa. A tabbatar ƙananan tiyoyin ruwa biyu da suke ratsa shi suna nan, don masu dashe suna son zagaye su. Daga ƙarshe a duba taimin da fitila, injin da zafi, TE1 da E1 a haɗe, digiri 10 kafin fistan ya kai sama. Tunda an canza diliko, ban yarda an saita shi haka ba. In ba a haɗa ramukan nan biyu ba, birenbos yana ta motsa taimin ɗin, abin da ka gani ba shi ba ne.

Admin: Masu turo tallan fili da na maganin basir a tsakiyar wannan zancen, na goge. Na gaba fita ne.

Mai Carina: An yi duka. Silo ya zauna wajen 750 in ta yi zafi sosai. Amma wata sabuwa: tun da aka haɗa sensar ruwa, da safe sai in yi tafiya mai nisa silo yana sama da 1,000, kuma ina ganin mai yana saurin tafiya. Jiya na hau hanyar Zariya da sassafe, allura ko motsi ba ta yi daga ƙasa ba.

Rewaya Zariya: Tamostat, bawul ɗin da yake tare ruwa har inji ya yi zafi, yana ciki?

Mai Carina: An cire ranar da aka ɗora injin. Fanka ma kai tsaye take, da ki take tashi.

Baban Gareji: Kuma daidai aka yi. Wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne. A watan Afrilu a Kano ka bar tamostat a mota, ranar da ya cije sai gasket ya tafi. Na ga injin da ya kashe ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Injiniya: Baba, wanda ya cije kam yana kashe inji, ban musa ba. Amma maganinsa sabo mai kyau, ba cirewa ba. Na wannan injin a wajen digiri 82 yake fara buɗewa. Ko ranar da Kano ta kai 42, injin yana son ya ninka haka, kuma da ya buɗe ruwa yana wucewa yadda ya kamata. Motocin da suke aiki a Saudiyya da shi suke fita daga kamfani. A da, da wayar take yanke, birenbos yana zaton 80 ne kullum, shi ya sa rashin tamostat bai nuna ba. Yanzu yana ganin gaskiya, ruwa yana yawo a 50 ko 60, shi kuma yana ta ƙara mai yana ɗaga silo yana jiran zafin da ba zai zo ba. A sa tamostat, ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke jikinsa yana kallon sama don iska ta fita, a mayar da fanka kan suwic ɗinta.

Baban Gareji: In zai sa, ya fara jefa shi a tafasasshen ruwa ya ga ya buɗe da idonsa. Na kasuwa ba duka ne na kirki ba. Kuma ya wanke lagireto, na Carina ya tsufa.

Injiniya: A nan kam ba ni da ta cewa, Baba ya fi ni gaskiya.

Ɗan Jos: Kafin a watse, maganar famfo ba ta mutu ba. Kafireto da ɗan matsi kaɗan yake aiki, wannan kuwa matsin kusan bar 3 yake so, tsakanin 2.7 da 3.1 in an zare tiyon regiuleta. Tsofaffin tiyoyin roba na kafireto da kilif ɗinsu ba a yi su don haka ba. Kuma famfo kai tsaye da ki, Allah ya kiyaye, in aka yi hatsari layi ya fashe, inji ya mutu, shi yana nan yana feso fetur.

Rewaya Zariya: Wannan gaskiya ne. Toyota da rile ta yi shi, kik ya tayar da shi, sannan birenbos ya riƙe shi ta wayar FC muddin inji yana juyawa. Aikin awa ɗaya ne. A duba kuma layin da yake mayar da mai tanki, in siriri ne ko a toshe, matsi zai hau ta riƙa shan mai. Tankin kafireto kuma kada ka bari ya yi ƙasa sosai, a kwana famfo yana jan iska.

Mai Carina: An sa tamostat, an gwada shi a ruwan zafi kamar yadda Baba ya ce. Allura tana zuwa tsakiya kafin in fita unguwa, silo yana sauka da kansa. An canza tiyoyin mai, rile sai ranar Asabar. Abu ɗaya ya rage: wani lokacin in na taho da gudu na taka kuloci a shataletale, juyin yana faɗuwa ƙasa sosai, sau ɗaya ma ta mutu. Na sake karanta fitila, yanzu huɗu da biyu take bayarwa.

Injiniya: 42, siginar gudun mota, wayar SPD. Da ma tana nan, rashin wutar BATT ne yake goge ta, ɗaga silon da aka yi kuma ya rufe alamarta. Birenbos bai san motar tana tafiya ba, shi ya sa ba ya shirya tarar injin in ka taka kuloci. A irin waɗannan motocin daga bayan agogon gudu siginar take fitowa. Ciro agogonka ka duba ko yana da wurin, in babu sai a nemo na Carina II mai injekta a ɗora, ko a sa 'yar sensa a kan kebul ɗin daga giyabos.

Rewaya Zariya: In ka ciro ka ɗauki hoton bayansa ka turo nan, kusa-kusa yadda rubutun jikin fatar zai fito. Kada ka bari kowa ya sake taɓa sukurun nan kafin Asabar.

Direban Sabon Gari: Mai Carina, tsohon dilikon da aka cire maka, in yana nan ina so. Da alama lafiyarsa ƙalau.

Mai Carina: Yana but. Nozul ɗin ma da na bari an canza, da yanzu ka samu huɗu a araha. Hoton agogo zuwa dare insha Allah.